Riƙon ƙwarya a bakin Bature: abin da Ingilishi ke gaya wa wanda aka bar wa jira

A daren Litinin, 6 ga Afrilu, 2020, cutar korona ta yi wa Firaministan Birtaniya na wancan lokaci, Boris Johnson, tsanani har aka mayar da shi sashen kula da masu matsanancin rashin lafiya a wani asibiti da ke Landan. Sanarwar da ofishinsa ya fitar a daren ta ce ya nemi sakataren harkokin waje, Dominic Raab, da ya "deputise for him where necessary", wato ya wakilce shi a duk inda buƙatar hakan ta taso. 'Yan jaridar ƙasar sun shafe kwanaki suna jujjuya waɗannan kalmomi, domin sanarwar ba ta kira Raab muƙaddashin firaminista ba, kuma tsarin mulkin Birtaniya, wanda ba a tattare yake cikin kundi guda ba, bai tanadi irin wannan muƙami ba. Zai iya sauke minista? Zai iya ba da umarnin kai hari idan wani abu ya taso? Wa ma zai yanke hukuncin cewa buƙatar ta taso? Wanda ya rubuta sanarwar ya san abin da yake yi, don ya zaɓi kalmar da za ta kwantar wa jama'a hankali cewa akwai mai jiran gida, ba tare da ta damƙa wa mai jiran makullin kowane ɗaki ba.

Mai fassara irin wannan labari zuwa Hausa ba ya shan wahala sosai, saboda muna da 'yan kalmomi da suke ɗaukar kusan duk nauyin: riƙon ƙwarya, muƙaddashi, wakili, da kuma na wucin gadi. Shi kuwa Ingilishi ya tara maganganun azanci barkatai a kan wannan al'amari guda, ya ɗebo wasu daga fagen yaƙi, wasu daga dandalin wasan kwaikwayo, wasu daga filin wasa, wasu kuma daga coci da asibiti. Ɗalibi yakan haddace su a jere kamar duk ma'anarsu ɗaya, alhali mai harshen yana jin bambancinsu tun kafin a rufe baki. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da sharaɗin da ba a furta ba: tana nuna wa mai riƙo iyakar inda hannunsa zai kai, tana kuma shaida wa mai abu ko zai dawo ya tarar da abinsa. A ganina, tsoron kada mai riƙo ya rikiɗe ya zama mai abu shi ne zaren da ya ratsa kusan dukansu, kuma wanda ya gane wannan zai daina zaɓen su da ka.

Akwai na yau da kullum waɗanda ba su da wani ado. Idan aka ce wani ya yi "fill in for" wane, ana nufin ya cike gurbin da wanen ya bari na 'yan sa'o'i ko kwanaki. "Stand in for" ya fi dacewa da inda ake buƙatar a ga mutum tsaye da jikinsa, kamar taro ko biki, yayin da aka fi jin "sit in for" a bakin masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin, inda mai shirin ya tafi hutu wani ya zauna a kujerarsa. Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne "cover for", domin baki biyu gare shi. Ma'aikaciyar jinya da ta ce wa abokiyar aikinta "can you cover for me on Friday" roƙonta take yi ta karɓi aikinta na ranar Juma'a, amma idan aka ce wani ya yi "covered for" abokinsa a gaban shugabansu, galibi ana nufin ya yi masa ƙarya ya ɓoye laifinsa ko rashin zuwansa. Bahaushe yana ɗaukar rufin asiri a matsayin halin kirki, amma a ofishin Bature wannan ma'ana ta biyu tana iya jawo takardar tuhuma, don haka wanda ya rubuta a rahotonsa cewa ya saba "covering for" maigidansa ya tabbata mai karatu ya fahimci wanne yake nufi.

Wanda ya fi kowanne shahara shi ne "hold the fort", wato riƙe ganuwa ko sansanin soja. Shahararsa tana komawa ga yaƙin basasar Amurka. A ranar 5 ga Oktoba, 1864, sojojin Kudu suka kai hari a kan wani rumbun kayan abinci na sojojin Arewa da ke mashigar Allatoona a jihar Jojiya, inda Janar John Corse yake tsare da wurin da mutanen da ba su kai yawan maharan ba. Daga wani tsauni mai nisa, mutanen Janar William Sherman suka riƙa aika saƙo da tutoci cewa su daure, taimako yana tafe. Corse ya ji rauni a fuska amma bai sallama wurin ba, har maharan suka janye. Shi kansa Sherman daga baya bai amince cewa ya furta waɗannan kalmomi daidai yadda ake faɗarsu ba. Wani mai waƙoƙin coci, Philip Bliss, shi ne ya ji labarin ya gina waƙa a kansa a 1870, masu wa'azi suka tsallaka da ita Birtaniya, kuma ta wannan hanya maganar ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Abin lura shi ne abin da hoton yake umarta. Wanda aka bar wa ganuwa ba a ce ya fita ya ci sabon gari ba, ba a kuma ce ya rushe katanga ya sake gini ba. Aikinsa shi ne kada abin da aka bar masa ya salwanta kafin masu ƙarfi su iso. Shi ya sa manajan da zai fita cin abinci yakan ce wa mataimakinsa "hold the fort", yana yi masa kirari da girman soja, amma a lokaci guda yana ɗaure masa hannu. A nan ne maganar ta fi kusa da riƙon ƙwaryarmu, sai dai hotunan biyu sun sha bamban a inda suke hango haɗari. Mai ganuwa daga waje yake tsammanin masifa, don haka jarumtaka ake nema a wurinsa. Mai ƙwarya kuwa haɗarin a hannunsa yake, ko ta suɓuce ta fashe, ko ya kai baki ga abin da ke ciki, don haka amana ake nema a wurinsa. Ina ganin namu ya fi faɗin gaskiyar lamarin, domin mafi yawan rigingimun da ke biyo bayan riƙo daga mai riƙon suke tasowa. Amurkawa sukan ƙara kalma su ce "hold down the fort", abin da Turawan Ingila ke yi musu ba'a a kai, wai ganuwa ba tashi sama za ta yi ba balle a danne ta.

Ɗan'uwansa mai sauƙin kai shi ne "mind the shop" a Birtaniya, ko "mind the store" a Amurka, wato jiran shago. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san dokar wannan jira ba sai an karanta masa ba. Maƙwabci ya ce maka, "Malam, duba mini nan, zan je salla in dawo," sai ka sayar a kan farashin da ka sani, amma ba ka bayar da bashi, ba ka rage kuɗi, ba ka kuma karɓar sabon kaya daga dillali. A siyasar Amurka an fi amfani da shi a sigar tambaya, "who's minding the store", idan ana zargin cewa manya duk sun shagala an bar hukuma ba mai lura.

"Step into the breach" ma daga yaƙi ya fito, amma yanayinsa daban ne. "Breach" shi ne ɓarakar da maƙiya suka yi a jikin ganuwa, kuma wanda ya tsaya a cikinta ya sa ƙirjinsa a madadin tubalin da ya faɗi. Masu jin Ingilishi sun san hoton daga fassarar Baibul ta 1611, inda aka siffanta Annabi Musa yana tsaye a ɓaraka domin kare mutanensa, sun kuma san shi daga wasan Shakespeare a kan Sarki Henry na Biyar, inda sarkin yake zuga mayaƙansa su sake afka wa ɓarakar ganuwar Harfleur a Faransa, garin da ya yi wa ƙawanya a 1415. Bambancinsa da riƙe ganuwa shi ne ba a shirya shi ba. Babu wanda ya yi sallama ya bar maka amana. Mutum ya faɗi ne kwatsam, ko ya yi murabus ana tsakiyar aiki, kai kuma ka miƙe ba tare da an roƙe ka sau biyu ba. Yabo ne zalla, kuma saboda haka ba ya daɗi a bakin wanda ya yi aikin. Wasu ne za su ce ka shiga ɓaraka, idan ka faɗa da kanka ya zama yabon kai.

Amurkawa sun fi son ɗebo misali daga besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, kuma daga can suka samo "pinch-hit". Kalmar "pinch" a nan matsi take nufi. Idan wasa ya kai maƙura, koci yakan cire wanda layin duka ya zo kansa ya sa wani daga benci wanda yake ganin ya fi iya wannan duka guda. A ofis, idan aka ce wance ta yi "pinch-hit" wa shugabanta a wurin taro, ana nufin ta karɓi jawabinsa a ƙurarren lokaci. Sai dai maganar ta bar abubuwa biyu a filin wasa ba ta taho da su ba. A can, ana sa mai maye gurbin ne don ana ganin ya fi wanda aka cire dacewa da wannan lokaci, ba don wancan ya yi tafiya ba. Sannan a dokar manyan gasanni, wanda aka cire ba ya komawa cikin wannan wasa har a tashi. Ke nan maganar da ofis ya ɗauka ta riƙon ɗan lokaci ce, a gidansu sallama ce.

Daga wannan wasa ne kuma aka samo sunan da ya fi fito da tsoron da na ambata fili. Wally Pipp ɗan wasa ne da ya shafe shekara goma yana riƙe da gurbinsa a ƙungiyar New York Yankees. A ranar 2 ga Yuni, 1925, aka ajiye shi a benci aka sa wani matashi mai suna Lou Gehrig. Labarin da ya bazu shi ne ciwon kai ne ya sa Pipp ya nemi hutun yini guda, ko da yake masu bin tarihin wasan suna jayayya a kan haka. Abin da babu jayayya a kai shi ne Gehrig bai sake barin fili ba sai a 1939, bayan ya buga wasa 2,130 a jere, jerin da ya faro kwana ɗaya kafin nan da shiga a matsayin mai "pinch-hit", shi kuwa Pipp aka sayar da shi ga wata ƙungiya a shekarar da ta biyo. Har yau idan Ba'amurke ya ce an yi wa wani "Wally Pipped", yana nufin ya ɗan kauce ne wanda ya riƙe masa ya fi shi, aka manta da shi. Sunan mutum ya zama kalmar aikatau saboda hutun yini ɗaya. Wannan tsoro yana cikin abin da ke sa ma'aikaci ya jawo jiki zuwa ofis da zazzaɓi, ko ya ƙi koya wa na ƙasa da shi sirrin aikin.

Dandalin wasan kwaikwayo ya ba da kalmomi biyu da suke tsaye a ƙarshen igiya biyu. "Understudy" shi ne ɗan wasan da ya haddace rawar jarumi tun daga farko har ƙarshe, yana zuwa kowane dare, yana jira a gefen dandali ko jarumin zai kasa fitowa. Daga wannan gefe aka samo "waiting in the wings", wanda ake faɗa wa duk mai jiran gado. Anthony Hopkins yana cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa, domin a 1967 yana jiran Laurence Olivier a babban gidan wasan ƙasa da ke Landan rashin lafiya ya kwantar da Olivier, shi kuma ya hau dandali. Saboda haka kalmar tana ɗauke da buri, kuma idan aka kira mataimakin minista "understudy" ana nuna cewa ana horar da shi ne, ko kuma shi yana horar da kansa. "Stand-in" na masana'antar fim kuwa mutum ne mai tsawo da launi irin na jarumi, wanda ake tsayarwa a gaban kyamara ana daidaita fitilu yayin da jarumin yake hutawa, da an gama saiti sai ya koma gefe, fuskarsa ba ta fitowa a fim ɗin. Kalmar ta yi laushi a maganar yau da kullum, amma har yanzu ba ta yi wa kowa alƙawarin gaba.

Akwai kuskure guda da masu koyo suka cika yi, wato sanya "step into someone's shoes" ko "fill someone's shoes" a cikin wannan rukuni. Takalmi ba abin da ake riƙe wa mutum ba ne, kuma galibi wanda ya sa ƙafa a takalmin wani ya gaje shi ke nan, sai a riƙa auna ko ƙafar ta cika shi. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa mai shirin tafiya aikin Hajji cewa a shirye yake ya shiga takalminsa ya faɗi abin da ya wuce nufinsa.

Inda maganar ta koma raini shi ne "keep the seat warm", wato ɗumama wa wani kujera. A jaridunmu, idan aka ce ɗan majalisa ɗumama kujera kawai yake yi, ana nufin ba ya tsinana komai. A Ingilishi ma'anar ta fi haka kaifi, don tana nufin an ɗora mutum ne musamman domin ya tsare wa wani wuri har wancan ya shirya, kuma an zaɓe shi ne saboda an tabbata ba zai yi gardamar tashi ba. Misalin da Amurkawa suka fi kawowa shi ne na kujerar sanatan Massachusetts. Da John Kennedy ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1960, ƙanensa Edward bai kai shekara 30 da tsarin mulki ya gindaya wa sanata ba, sai aka naɗa Benjamin Smith, abokin John tun suna jami'a, ya zauna a kujerar. Edward ya cika shekarun a 1962, ya ci zaɓen cike gurbi a watan Nuwamba, Smith bai ko tsaya takara ba, shi kuwa Edward ya zauna a wurin har rasuwarsa a 2009. Da irin wannan harshe jaridun Ingilishi suka riƙa siffanta Dmitry Medvedev, wanda ya shugabanci Rasha daga 2008 zuwa 2012 saboda tsarin mulki ya hana Vladimir Putin yin wa'adi na uku a jere. Abin mamaki a nan shi ne mai ɗumama kujera yana da cikakken muƙami a takarda, ba muƙaddashi ba ne, an rantsar da shi kamar kowa, amma ya fi kowane muƙaddashi rauni. Je-ka-na-yi-ka ya fi riƙon ƙwarya kusa da wannan ma'ana.

Idan aka bar azanci aka shiga harshen takarda, kalmomi uku ne suke yawo a gaban sunan muƙami, kuma ba ɗaya suke ba. "Acting" yakan nuna cewa mai kujerar yana nan zai dawo, ko kuma na ƙasa da shi ne ya hau kafin a tabbatar da wani. Gyara na 25 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1967 ya tsara wannan dalla-dalla, har ta kai Kamala Harris ta riƙe ikon shugaban ƙasa na minti 85 a ranar 19 ga Nuwamba, 2021, lokacin da likitoci suka sa Joe Biden barci domin bincike. "Interim" yana nufin kujerar babu kowa a kanta, ana neman mai ita, an kawo wani ya cike tsakani. "Caretaker" kuwa asalinsa mai gadin gini ne, wanda yake share harabar yana gyara famfo amma ba ya sayar da gidan, shi ya sa a ƙasashe masu tsarin firaminista gwamnatin da ke riƙo a lokacin zaɓe take kauce wa manyan naɗe-naɗe da sababbin manufofi. Turawan Ingila suna da wata magana mai ban dariya a ma'aikatunsu, "acting up", wadda take nufin riƙe muƙamin da ya fi naka na ɗan lokaci, alhali a gida ita ce ake faɗa wa yaro mai rigima ko injin da ya fara gardama.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun ga yadda kalma guda take cin mutum. A watan Maris na 2012 Chelsea ta ba Roberto Di Matteo riƙon ƙungiya, ya ɗauko mata kofin zakarun Turai na farko a tarihinta a watan Mayu, aka tabbatar da shi, sannan aka kore shi a watan Nuwamba. Wanda ya gaje shi, Rafael Benítez, an liƙa masa "interim" a gaban muƙaminsa, kuma a watan Fabrairu na 2013 ya fito fili ya ce sanya masa wannan laƙabi babban kuskure ne. Yana da hujja, domin ɗan wasan da ya san koci na 'yan watanni ne ba ya tsoronsa, magoya baya ma ba sa ganin dalilin yi masa haƙuri. Wannan rauni kuwa wani lokaci shi ake nema. Dokar Amurka ta 1998 ta taƙaita zaman muƙaddashi a manyan muƙaman tarayya zuwa kwana 210 a mafi yawan lokuta, saboda shugabanni sun gano cewa muƙaddashi ba ya buƙatar amincewar majalisar dattawa, kuma Donald Trump ya faɗa a 2019 cewa yana son muƙaddasai don suna ba shi damar juyawa yadda yake so. Ga wanda aka ba shi kuwa, zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Tsofaffin kalmomin wannan fage suna nuna wani abu da sababbin ba su kai ga nunawa ba, wato riƙo idan ya daɗe yakan daskare ya zama sarauta. Likitan da ke karɓar aikin wani a Birtaniya ana kiransa "locum", taƙaitawar "locum tenens" ta Latin, ma'ana mai riƙe wuri, kuma a yau akwai likitocin da wannan ce sana'arsu, daga wannan asibiti zuwa wancan. Faransanci ya juya waɗannan kalmomi biyu zuwa "lieu tenant", Ingilishi ya ara, mu kuma muka karɓa daga bakin soja muka ce laftanar. Duk Laftanar Janar ɗin da ka ji an ambata a labarai, asalin sunan muƙaminsa mai riƙe wa janar wuri ne, amma ba wanda yake jin haka a cikinsa yanzu. Haka "vicar", limamin cocin unguwa a Ingila, asalinsa wanda yake tsayawa a madadin mai cocin na ainihi ne. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda Wakili ya zama sarauta mai rawani a masarautu da dama, ana naɗa mutum ya mutu da ita.

Akwai kuma riƙon da harshen yake tsine wa. Wanda ya karɓi aikin ma'aikacin da ke yajin aiki ba a ce ya riƙe ganuwa, ana kiransa "scab", wato ɓawon gyambo, ko "blackleg" a Birtaniya. Aikin da ya yi bai bambanta da na sauran ba, gurbi ya cike, amma ya cike shi ne ba da yardar mai gurbin ba, kuma don a karya shi. A garuruwan masu haƙar kwal na Birtaniya, sunan ya bi wasu mutane shekaru da yawa bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985. Wannan yana tabbatar da cewa abin da kalmomin nan suke aunawa shi ne dangantakar mai riƙo da mai abu, ba wahalar aikin ba.

Nijeriya, da yake da Ingilishi take mulki, ta sha ɗanɗana wannan a aikace. A watan Agusta na 1993 Janar Ibrahim Babangida bai ce zai yi "step down" ba, cewa ya yi zai yi "step aside", wato ya matsa gefe maimakon ya sauka, kuma mutane sun ji abin da ke cikin zaɓin, domin wanda ya matsa gefe yana nan kusa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan da ya bari ba ta cika wata uku ba Janar Sani Abacha ya karɓe ƙwaryar a ranar 17 ga Nuwamba. A ƙarshen 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya bai aika wa majalisa takardar miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna fiye da wata biyu babu mai ikon sa hannu, har sai da majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi a ranar 9 ga Fabrairu, 2010. Wannan ne ya jawo gyaran sashe na 145 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba majalisa damar ɗora mataimaki idan shugaba ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba.

Sai kuma watan Mayu na 2017, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya koma Landan jinya, ya rubuta wa majalisa cewa mataimakinsa, Yemi Osinbajo, zai "coordinate the activities of the government", wato ya daidaita ayyukan gwamnati. Sanata Mao Ohuabunwa ya miƙe ya ce tsarin mulki bai san wani mai daidaita ayyuka ba, muƙaddashin shugaba ya sani. Shugaban majalisar dattawa na lokacin, Bukola Saraki, ya yanke cewa tunda takardar ta ambaci sashe na 145, Yemi Osinbajo muƙaddashi ne ko da wace kalma aka yi amfani. Osinbajo ya riƙe ƙasa fiye da kwana 100 a wannan karo. A watan Agusta na shekarar da ta biyo, yana wani riƙon na 'yan kwanaki, jami'an tsaro na farin kaya suka tare ƙofar majalisa, shi kuma a ranar 7 ga watan ya kori shugaban hukumar, Lawal Daura, wanda kowa ya san na kusa da shugaban ƙasa ne. Doka ta ba shi wannan iko, don muƙaddashi a ƙarƙashin sashe na 145 ba mai jiran shago ba ne. A watan Afrilu na 2019 Buhari ya sake tafiya Landan ziyarar ƙashin kansa ta kwana goma, kuma a wannan karo bai aika wa majalisa takarda ba.